Yadda Mai Sankarar Mama Za Ta Nemi Bayani Kan Ciwonta Ba Tare da An Ruɗa Ta Ba

Ranar da Goggona ta dawo Jega daga ganin likita karo na farko, ko mayafi ba ta cire ba na tare ta da tambaya: "Goggo, mi anka ce?" Ta ce, "Sun ce in koma ran Talata." Iyakar abin da ta riƙo ke nan, bayan kuɗin mota da zaman benci tun hantsi har azahar. Takardar da aka ba ta tana ƙulle a haɓar zane, ta jiƙe da zufa. Kafin Talatar ta zo kuwa ta ji bayani kala-kala. Maƙwabciya ta ce jifa ne. Wata ta turo murya a WhatsApp cewa duk wadda aka taɓa wa nono da ƙarfe ta tafi ke nan. Wani mai magani ya aiko da ƙullin gari, ya ce kwana 7 ƙullutun zai baje.

A nan na gane cewa labarin sankara ba ya wuyar samu a ƙasar nan. Abin da ke wuya shi ne bayanin da ya shafi ciwonki ke kaɗai. Ni ba likita ba ce. Rakiyar watanni ce ta koya mini abin da zan faɗa, kuma na jera shi ne yadda za ki buƙace shi.

Da farko, a san sunan abin

Kada ki nemi bayanin magani kafin a tabbatar da cutar. Yawancin ƙullutun da mata ke ji a nono ba sankara ba ne, musamman ga 'yan mata. Amma hannu ba ya rarrabewa, ko hannun likita ne. Ƙullutu mai tauri da ba ya ciwo, fata ta lotsa ko ta yi kamar ɓawon lemo, kan nono ya shige ciki, jini na fita daga kan nono, kaluluwa a hammata, gyambon da ya ƙi warkewa: kowanne daga cikinsu ya isa ya kai ki asibiti a makon nan. Rashin zafi shi ne ke yaudarar mata da yawa. Mai shayarwa kuma takan ce nono ne ya kwanta. Idan an sha magani bai baje ba, a koma.

Ki fara da asibitin da ya fi kusa, ko na Argungu ne, ko Yawuri, ko Zuru, ki nemi takardar turawa zuwa inda likitocin tiyata suke. A Birnin Kebbi akwai asibitin tarayya da har yau mutane ke ce wa FMC, da asibitin Sir Yahaya, ga kuma na Kalgo. Tsarin binciken hawa uku ne: likita ya duba da hannu, a ɗauki hoto, sannan a ɗebi ɗan nama a kai ɗakin gwaji. Hoton kan zama sikanin ga mai ƙarancin shekaru, mamogiram, wato hoton nono na X-ray, ga wadda ta kai shekara 40 ko ta haura. Ɗibar naman nan, wadda za ki ji suna ce wa bayofsi, ita kaɗai ke tabbatarwa. Allura ce mai ɗan kauri bayan an kashe zafin wurin, kuma ba ita ke sa ciwon ya bazu ba. Jinkirin da tsoronta ke jawowa shi ke ba ciwon lokaci.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'auni a shirinta na 2021: daga ranar da mace ta fara kai kuka asibiti zuwa ranar da aka gama tantance ciwonta, kada ya wuce kwana 60. Ki rubuta ranar zuwanki na farko, ki riƙa ƙirgawa. In kwanaki suna tafiya ba sakamako, kina da hujjar bibiya.

Littafi da 'yar rakiya

Ki sayi littafin rubutu irin na 'yan firamare da jakar leda mai zif. Duk takardar da aka ba ki, ki ɗauke ta hoto da waya kafin ta shiga jakar, ki tura wa mutum ɗaya da kika amince da shi. Wata rana fayil ɗinmu ya yi ɓatan dabo a wani asibiti, hoton da ke waya ne ya hana a sake gwaje-gwajen da muka riga muka biya.

Sannan ki zaɓi mutum ɗaya ya zama mai riƙe littafin. Ɗaya na ce. In yau ƙanwa ce ta raka ki, gobe ɗan miji, jibi maƙwabciya, kowa zai dawo da guntun zance, babu mai cikakke. A samu wadda ta iya karatun boko, ba ta jin nauyin tambaya, kuma bakinta na da linzami. Dalilin rakiyar shi ne, da zarar likita ya furta kalmar sankara, kunnen mai ciwo toshewa yake. Goggo ta ce mini daga nan ba ta ƙara jin komai ba sai ƙarar fanka.

Takardar sakamako ita ce uwar bayani

Nan ne zan daɗe, don nan ne aka fi yin sakaci. Sankarar mama ba iri ɗaya ba ce. Mata biyu za su zauna benci ɗaya, ƙullutunsu girma ɗaya, a ba su magani daban, kuma kowacce an yi mata daidai. Abin da ya raba su yana rubuce a takarda.

Ki roƙi likita ya nuna miki abu uku da yatsa, mai littafi ta kwafe su harafi da harafi.

Na ɗaya, irin sankarar da aka gani a naman.

Na biyu, wasu haruffa: ER, PR da HER2. Kowanne za a sa masa alamar akwai ko babu. Idan ER ko PR akwai, ma'anarsa ciwon yana cin abinci ne daga sinadarin jikin mace, don haka akwai ƙwayar da ke toshe masa wannan hanya, irin su tamoxifen, ana sha kullum shekara 5 zuwa 10. Idan HER2 akwai, maganinsa na musamman shi ne trastuzumab, wanda aka fi sani da Herceptin, ana yin sa kusan shekara guda, yana da tsada, kuma ana duba lafiyar zuciya a lokacin. Idan duka ukun babu, ƙwayar can ba za ta yi aiki ba, ƙarfin maganin yana ga kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara da akan sa ta jijiya kamar ƙarin ruwa. Wannan gwajin haruffa sau da yawa kuɗinsa daban ne, wani lokaci ma sai an aika naman wani gari. Ki tambaya da bakinki: "Likita, an yi mini gwajin ER da HER2?" In ba a yi ba, a ina ake yi, nawa ne, kwana nawa. Na ga matar da ta sayi ƙwayar da ƙawarta ke sha a kemis don ta ga ƙawar ta samu sauƙi, alhali nata ciwon ba irin wanda ƙwayar ke kamawa ba ne.

Na uku, matakin ciwon, daga 1 zuwa 4. Ana gane shi ne da girman ƙullutun, da ko ya kai kaluluwar hammata, da ko ya tafi wani wuri kamar huhu, hanta ko ƙashi. Shi ya sa za a tura ki hoton ƙirji da sikanin ciki, ba don an raina kuɗinki ba. A mataki na 1 da na 2 ana yin magani ne da niyyar warkewa, kuma mata da yawa suna warkewa. Na 3 ma ana yaƙarsa da wannan niyya, sai dai aikin ya fi yawa. A na 4 manufar ita ce a danne ciwon, a rage zafi, a ƙara kwanaki masu daɗi. Ki tambayi manufar naki maganin kai tsaye. Tambaya ce mai nauyi, amma amsarta ce za ta nuna wa iyali ko a sayar da gona ko a bar wa yara.

Wasu iyalai sukan roƙi likita ya ɓoye wa mai ciwo. Na san tausayi ne. Sai dai wadda ba ta san abin da ke jikinta ba, da ta ji ɗan sauƙi za ta daina zuwa, da ta ji wuya kuma za ta ce maganin ne ke kashe ta.

A ɗakin likita

Likita ɗaya, marasa lafiya cike da baranda. Mintunanki kaɗan ne, don haka ki rubuta tambayoyinki tun a gida, ki sa mafi muhimmanci a sama, kada su wuce 4 ko 5. Bayan gaisuwa ki ce, "Likita, ina da tambaya huɗu na rubuto." Yawancinsu suna jin daɗin haka, ya fi musu a kan mai cewa "to" ga komai ta fita ba ta gane ba.

Me za a fara, tiyata ko kemo, kuma don me? Sau nawa za a sa ruwan, tazarar kwana nawa? Sau da yawa duk bayan kwana 21 ne, kuma ana gwajin jini kafin kowanne. Nonon duka za a cire ko ƙullutun kaɗai? Zan buƙaci gashi, wato gasa wurin ciwon da hasken na'ura? Wane abu ne in na gani a gida zan taho ba jira?

In Turanci ya yi yawa, ki ce a faɗa miki da Hausa. In likitan ba ya ji, a kira nas. Kafin ki tashi, ki maimaita abin da kika fahimta: "Wato in yi gwajin jini ran Litinin, in zo da sakamako ran Laraba." Nan take za a gyara in kin karkace. Da wannan 'yar dabara muka daina zuwa ranar da ba tamu ba.

Akwai tambayoyin da kunya ke hana fita, kuma su ne ke hana barci. Zan ƙara haihuwa? In ina da ciki fa? In ci gaba da shayarwa? Ya batun kwanciya da maigida? Azumi fa? Duka suna da amsa, kuma amsar takan canja tsarin magani: ba a shayarwa ana kemo, ba a ɗaukar ciki ana shan tamoxifen, kemo kan ɗauke al'ada na wani lokaci ko gaba ɗaya. In ba za ki iya faɗa wa likita namiji ba, ki ja nas mace gefe. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma malaman jinyar ɗakin kemo sun ji abin da ya fi naki.

Waya, rediyo da muryoyin WhatsApp

Sai yanzu, da sunan ciwonki da haruffansa a hannu, shiga intanet zai yi amfani. Kafin haka tsoro kawai za ki kwaso. Ki nemi bayanin irin naki, daga shafin Hukumar Lafiya ta Duniya ko na manyan cibiyoyin sankara. Yawanci da Turanci suke, sai mai littafi ta karanta ta fassara. Ki tuna an rubuta da yawansu ne don Ingila ko Amurka, wani maganin da suka ambata ba lallai a same shi nan ba. Alƙaluman da za ki gani na yawan masu rayuwa da masu mutuwa kuma lissafin dubban mata ne, ba hukuncin ranki ba. A kiyasin 2022 mata sama da 32,000 ne suka kamu a Najeriya cikin shekara guda. Ba ke kaɗai ba ce, kuma ba labarinku ɗaya ba.

Da Hausa, shirye-shiryen lafiya irin Lafiya Zinariya na BBC da Lafiya Jari Ce na RFI suna gayyato likitoci na gaske, haka gidajen rediyon Birnin Kebbi, musamman a watan Oktoba da aka keɓe don wayar da kai kan wannan cuta, da ranar 4 ga Fabrairu, ranar sankara ta duniya. Sai dai rediyon da ya kawo likita da safe shi zai sa tallar mai magani da yamma, da murya ɗaya mai daɗi. Wannan ya biya kuɗin fili ne.

Duk abin da ya shigo wayarki, ki auna shi da tambaya uku. Wa ya faɗa, a wane asibiti yake aiki? Yana sayar da wani abu? Ya ce a bar asibiti? Wanda ya ce maganinsa na warkar da daji da sikari da hawan jini da rashin haihuwa a kwalba ɗaya, ya riga ya ba ki amsa. Lambar NAFDAC a jikin kwalba ma ba shaidar cewa tana warkar da sankara ba ce. Hoton "kafin" da "bayan" kuwa, kowa na iya haɗa shi.

Abin da ya tsallake wannan awo, ki rubuta shi a littafi ki kai wa likita. Mun kai maganar cewa sa kuɗi ko waya a rigar mama ne ke kawo ciwon, aka ce babu hujja. Mun kai ta cewa ana ɗauka a kwano ko a zane, aka ce sankara ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Wannan ta biyun ta dawo wa Goggo da jikokinta kan tabarma, don da uwarsu ta fara janye su. Gado kuma gaskiya ne amma kaɗan ne, kusan 5 zuwa 10 cikin 100. In uwa ko 'yar'uwa ta taɓa yi, musamman da ƙuruciya, a gaya wa likita.

Malam, mai magani da maigida

Ba zan ce kada ki yi addu'a ko ki karɓi tofi ba, mu ma mun yi, kuma ya riƙe zuciyar Goggo a daren da babu abin da ke riƙe ta. Inda zan ja layi shi ne abin da ake sha da abin da ake yi wa nonon. Kada a yi tsaga, kada a yi sakiya, kada a shafa abin da ke cin fata. Jiƙo da garin da ba a san abin da ke ciki ba suna iya wahalar da hanta da ƙoda a lokacin da kemo ke buƙatar su. In kina shan wani abu, ko zuma da habbatus sauda ne, ki faɗa wa likita gaskiya. Faɗa zai yi na minti ɗaya, ya wuce.

Maigida kuwa, zuwa da kai ya fi aike. Ki yi ƙoƙari ya shiga ɗakin likita ko sau ɗaya, ya ji da kunnensa, musamman ranar da za a yi maganar tiyata. Namijin da aka kawo wa labari a gida yakan ce a dakata a gwada na gargajiya. Wanda likita ya nuna wa hoto yakan tambayi nawa ne. In ba ya jin maganarki, ki bi ta wanda yake jin nauyi, yayansa ko limamin unguwa.

Kuɗi da hanya

Bayanin kuɗi ma bayanin lafiya ne, don rashin saninsa ne ke sa a fara kemo a tsaya a na uku. Ki nemi a ƙiyasta miki kuɗin tafiyar duka, ba na yau kaɗai ba: ruwa nawa, gwajin jini, tiyata, gashi, mota, masauki. Ki tambayi ofishin walwalar marasa lafiya, wanda ake ce wa soshal welfeya. Ki tambaye su game da asusun tallafin masu sankara na gwamnatin tarayya, wanda aka fara a 2021 don sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, a wasu zaɓaɓɓun asibitoci da suka haɗa da na koyarwa na Zariya da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja. In kina da inshorar lafiya ta tarayya, NHIA, ko ta jiha, KECHEMA, ki je ofishinsu ki ji abin da ta ɗauka da wanda ba ta ɗauka ba. Gidauniyar Medicaid ta Dokta Zainab Shinkafi Bagudu ta daɗe tana aikin wayar da kai da gwaji a Kebbi, ita ma ƙofa ce da za a ƙwanƙwasa. Ko'ina za a nemi takardar sakamakon nama, ga amfanin jakar ledar nan.

Gashi ba kowane asibiti ke yi ba. Mutanen Kebbi da Zamfara sun fi nufar asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, wasu Zariya ko Abuja. Ana yin sa ne kullum, Litinin zuwa Juma'a, makonni a jere, don haka zama ne ba je-ka-dawo ba. Ko ina za ki, ki sa likitanki ya ba ki lambar sashen, a kira a tabbatar da rana kafin ki hau mota, a kuma nemi gidan ɗan'uwa da za a sauka.

Matan benci

Akwai ilimin da ba ya cikin takarda, yana bakin matan da suka riga ki. A layin kemo ne wata Hajiya daga Zuru, da ɗankwali ɗaure tamau a kan da babu gashi, ta dubi Goggo ta ce, "Yaya, kar ki ji tsoro, nawa ya zube sau ɗaya ya hito, wanga na biyu na." Ita ta koya mana a aske kan tun kafin ya fara zuba a matashi, a ci abinci kaɗan-kaɗan, a riƙe citta don tashin zuciya, a ɗinka ɗan matashin auduga a sa a rigar mama bayan tiyata. Ki karɓi irin wannan hannu biyu. Sunan magani da yawansa kuwa, ki bar wa likita, don takardarta ba taki ba ce.

Kafin ki bar asibiti ranar kemo na farko, ki karɓi lambar da za a kira da dare, ki rubuta ta a bangon littafin da manyan lambobi. Ki sayi ma'aunin zafin jiki a kemis. Kemo na rage sojojin jini, sun fi yin ƙasa wajen kwana 7 zuwa 14 bayan an sa ruwa, kuma zazzaɓin da da za ki kora da farasitamol yana iya zama na gaggawa. In ma'auni ya nuna 38 ko sama, ko kina rawar sanyi, ko amai ya hana ki riƙe ruwa, ko numfashi ya yi wuya, ba a jiran gari ya waye. A tafi asibiti mafi kusa, a ce musu tun daga ƙofa, "Tana kan kemo, an sa mata ran kaza," a miƙa musu littafin.